Yadda ake gano abin da ke shanye batirin mota da abin da ke hana ta tashi

Da wuya a yi mako a garajinmu nan Tawa ba a turo mana mota da sassafe ba, mai ita na biye yana cewa batiri ya mutu, a sa sabo. In na ce a bari mu auna tukuna, sai ya ga kamar ɓata masa lokaci nake yi. To amma batiri kamar randa yake. In ka wayi gari ka tarar da randa wayam, ko dai ita ce ta tsage, ko mai ɗebo ruwa ne bai zuba ba, ko kuwa wani ne ke lallaɓowa da dare yana sha. Wani lokacin ma ruwan na nan cike, moɗar ce ta huje. Sabuwar randa maganin na farkon kawai take yi. Mai ɗebo ruwan nan shi ne alternater, wanda wasu ke kira dinamo. Mai shan dare shi ne wani abu a cikin motar da ke jan wuta bayan an kashe kontak. Moɗa kuwa ita ce kos, wato ƙarfen bakin waya da ake ɗaurewa a kan batiri, da manyan wayoyi, da demarer, wanda ke juya injin ya tashi. Aikin da zan nuna maka shi ne rarrabe waɗannan huɗun kafin ka fitar da ko dala.

Kayan aiki

Miltimetir. Ƙaramin nan da masu gyaran rediyo da salula ke amfani da shi ya isa, muddin yana da rami mai rubutun 10A. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na batiri ba.

Kile 10 na kwance noti, shi ne ke kwance kos a yawancin Toyota. Wasu motocin Turai kan so 8 ko 13.

Buroshin ƙarfe ko takarda mai yashi. In babu, tsohuwar wuƙa.

Bikarbonat da ruwa. In babu, jiƙa kanwa, aikinsu ɗaya wajen kashe asid.

Ruwan batiri, wato tataccen ruwan nan na kwalba da ake sayarwa a shagon kayan mota.

Ƙwan fitila na bolt 12 mai wat 5, a ɗaura masa wayoyi biyu. Wannan na wanda bai da miltimetir ne.

Sai kabul na haɗi masu kauri, na haɗa batiri da na wata mota, fensa, tocila, tsumma, da mutum ɗaya da zai murɗa maka kilen kontak yayin da kake aunawa.

Kafin ka taɓa komai, cire zobe da agogon ƙarfe. Batiri na iya tura ɗaruruwan amper a lokaci guda, zobe ya haɗa kile da jikin mota ya yi ja kamar garwashi a yatsanka. Batiri kuma yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, musamman in yana caji, don haka ba sigari, ba ashana, ba gwada batiri da ƙyasta waya a kansa. In za ka kwance, fara da kos na (−), in za ka mayar, shi ne na ƙarshe. Dalili shi ne jikin motar duka (−) ne, abin da muke ce wa mas. In ka fara da (+) kile ya gogi ƙarfe, tartsatsi ne.

1. Murɗa kile ka saurara

Rabin amsar a kunne take. Kunna fitilar cikin mota, ka sa mata ido, sannan ka murɗa.

In tablo bai kawo ko fitila ɗaya ba, shiru kamar babu batiri, to ko ya ƙare sarai, ko kos ya saki, ko babban fizibil, abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, ya ƙone.

In ka ji taf-taf-taf da sauri fitila na lumshewa, wuta ce ba ta isa. Batiri ya yi rauni ko kos ya yi datti.

In ka ji ƙas sau ɗaya mai ƙarfi, fitila kuma tana nan tangaran ba ta rage haske ba, zargi ya koma kan demarer ko wayarsa.

In injin na juyawa a hankali kamar mai ciwon baya, batiri ne ko mas.

In kuwa injin na juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, ka ƙyale batiri, ba ruwansa. Wannan maganar esans ce, ko buji, ko famfon mai, ko kile mai lamba da motar ta daina ganewa. A motar gazwal, musamman da sanyin Disamba da Janairu, sau da yawa bujin ɗumama ne suka mutu. Kar ka yi ta murɗawa har ka kashe batirin da lafiyarsa lau. Daƙiƙa 10 ta isa, sannan ka bar demarer ya huta.

Mai otomatik, kafin ka ce komai, taka birki ka mayar da ita N ka gwada. In ta tashi a N ta ƙi a P, ɗan makunnin da ke jikin bwat ne ya goce.

2. Buɗe kapo ka duba da ido da hannu

Kama kowane kos ka murɗa. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Hanyoyinmu na laterit, irin wanda ake bi zuwa ƙauyukan Keita da Buza, suna sassauta komai, kuma da yawa daga motocin da ake turo mana ba abin da suke so illa a ɗaure kos. Wasu kan buga ƙusa ko su cusa guntun gwangwani tsakanin kos da kan batiri. Zai kai ka gida, amma ba gyara ba ne, sauya kos ɗin.

Farin gari ko shuɗi-shuɗin da ke taruwa a kan kos yana tare wuta. Kwance, zuba ruwan bikarbonat ko na kanwa, za ka ga yana kumfa. Goge har ƙarfe ya yi ƙyalli ciki da waje, ka ɗauraye, ka tsane, ka ɗaure, sannan ka shafa ɗan giris a sama. Giris bayan ɗauri ake shafa shi, ba kafin ba. Ka kula kar ruwan kanwar ya shiga cikin ramukan batiri, zai kashe asid ɗin da ke ciki. Saman batirin ma ka share shi, don ƙurar hunturu in ta haɗu da danshin asid tana zama hanyar da wuta ke bi a hankali daga wannan kai zuwa wancan.

In batirin mai marufai ne, buɗe duka shida ka haska. Ruwa ya rufe farantan da ke ciki da kamar santimita ɗaya. Zafin Afrilu da Mayu, da ake haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kapo, yana ƙafar da ruwan da sauri, kuma farantin da ya zauna a bushe ya lalace ke nan. Zafi shi ke cin batiri a ƙasar nan, sanyi tona asirinsa kawai yake yi. Ƙara tataccen ruwa kaɗai. Ban da ruwan famfo ko na rijiya, gishirin da ke cikinsu na ɓata faranti. Ban da ƙara asid kuma, don ruwa ne ke ƙafewa, asid na nan.

Batirin da cikinsa ya kumbura ko ya tsage, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba a caja shi, ba a yi masa haɗi. A fitar da shi.

3. Auna batiri a huce

Sa miltimetir a 20V na wutar batiri, alamar V mai miƙaƙƙen layi a kai. Jar waya a (+), baƙa a (−), a kan dalmar batirin kanta, ba a kan kos ba. An fi son a auna da safe bayan mota ta kwana. In yanzu aka kashe ta, kunna manyan fitilu minti ɗaya, kashe, jira kaɗan, sannan ka auna, in ba haka ba zai nuna maka ƙarfin da ba shi da shi.

12.6 cike yake. 12.4 ya rage kaɗan, kusan kashi uku cikin huɗu. 12.2 rabi. 12.0 saura kwata. Ƙasa da haka ya ƙare. Masu koyo kan ga 12.0 su ce ai batirin bolt 12 ne, lafiya lau. A'a. Ɗakuna shida ne a ciki, kowane yana ba da kusan 2.1. Shi ya sa in ka ga wajen 10.5 kuma ko an caja ya koma nan, ɗaki ɗaya ne ya mutu, sai sabo.

Batirin da ya sauka ba a yanke masa hukunci sai an cika shi. Kai shi wurin masu caji a sa masa wuta a hankali, kamar amper 6 ga batiri mai 60Ah (Ah awon yawan wutar da batiri ke ɗauka ne), ya kwana. Zagaya gari na rabin awa ba ya cika batirin da ya ƙare, ko da motar ta tashi bayan nan.

4. Auna shi yana aiki

Wannan ne gwajin gaskiya. Bar wayoyin miltimetir a kan batiri, mataimakinka ya murɗa kile, kai kuma ka sa ido a kan lamba. Za ta faɗi, wannan ba komai, amma kar ta sauka ƙasa da 9.6. Batirin da aka cika jiya, ya nuna 12.6, amma da an murɗa ya zube zuwa 7 ko 6, ya tsufa. A irin wannan nake ce wa mutum ya je ya sayi sabo, kuma ya sayi mai Ah daidai da wanda motar ta zo da shi, ya duba gefen da (+) yake don kar waya ta kasa kaiwa.

In babu miltimetir, kunna manyan fitilu su haska bango a murɗa. Su ɗan rage haske daidai ne. Su mutu ɗungum, batiri ko kos.

5. Duba ko ana zuba masa

Mota ta tashi, auna kan batiri kuma. Ana son tsakanin 13.8 da 14.5. Kunna manyan fitilu da klim da rediyo, a ɗan taka totur, lambar ta tsaya sama da 13.5. In tana nan a 12 da wani abu, alternater ba ya caji, motar na cin batiri ne kawai tana tafiya. In ta haura 15, ya yi yawa, regilater mai daidaita caji ya lalace, yana dafa batirin. Alamarsa ruwa na yawan ƙafewa da ƙwayayen fitila masu yawan ƙonewa. Wasu sababbin motoci kwamfutarsu ce ke ɗaga caji tana saukewa, don haka a kansu ka auna da fitilu a kunne kafin ka zargi kowa.

Kafin a sauke alternater, kashe mota ka danna kuruwar da ke juya shi. In ta saki, ko ta yi santsi tana ƙyalli, ko tana kuka da safe, ita ce. Sannan ka lura da ƴar fitilar nan mai hoton batiri a tablo: ta kama in an buɗe kontak, ta mutu in injin ya tashi. In ba ta kamawa sam, a gyara ta, don a tsofaffin motoci da yawa ta cikinta wutar farko ke bi zuwa alternater, in ƙwan ya ƙone caji ya tsaya.

Akwai gwajin da ya zama ruwan dare a tasha, a cire kos injin na aiki wai a ga ko mota za ta mutu. Kar ka yi, kar ka bari a yi maka. A zamanin Fijo 504 an sha yi an kwana lafiya. A motar da ke da kwamfuta, wutar kan yi tsalle ta ƙone ta ko ta ƙone alternater ɗin da ake gwadawa.

6. Farautar mai shan dare

Batiri ya ci gwaji, caji lafiya, amma in mota ta kwana ɗaya ko biyu sai a tura. Nan aikin yake, kuma nan ake son haƙuri.

Gwaji mafi sauƙi ba ya son kayan aiki. Da dare, batiri a cike, cire kos na (−) ka ajiye gefe. Ka bar shi tsawon lokacin da motar ta saba mutuwa a ciki, sannan ka mayar ka murɗa. In ta tashi garau, ɓarawon a cikin mota yake. In ta ƙi, batirin ne ke zubar da kansa. Ka sani dai cire kos na goge agogo da tashoshin rediyo, wasu rediyon ma sai an sa musu lambar sirri.

Don kama ɓarawon, kashe komai, zare kile, rufe ƙofofi. Ƙofar da za ka bari a buɗe don kai wa ga fizibil, danne ɗan makunninta ko ka tura harshen makullinta da turnabis, motar ta ɗauka a rufe take. Mayar da jar wayar miltimetir ramin 10A, ka juya shi zuwa 10A. Cire kos na (−). Waya ɗaya a kan (−) na batiri, ɗayar a kan kos ɗin da ka cire, ta yadda duk wutar da za ta fita sai ta bi ta cikin miltimetir.

A wannan hali kar a murɗa kile, kar a kunna manyan fitilu. Demarer na jan fiye da amper 100, miltimetir ɗinka 10 yake ɗauka. Kuma da ka gama, mayar da jar wayar raminta na V nan take. Wanda ya manta ya ɗora ta a kan batiri ya haɗa (+) da (−) ke nan. Na ƙone guda biyu a haka ina aparanti, maigidana bai ce mini komai ba, kuɗin abincina kawai ya riƙe.

Lambar farko da za ka gani ba ita ba ce. Motocin zamani ba sa barci nan da nan, wasu sai sun yi minti 20, wasu har 45. Tsohuwar Starlet ko Hilux kuwa nan take. Bayan ta natsu, 0.05 ko ƙasa da haka daidai ne, agogo ne da ƙwaƙwalwar rediyo da ta kwamfuta. In ka ga 0.2, 0.4, ko 1 da wani abu, akwai mai sha.

Yi lissafi ka gani. Ƙwai mai wat 5 na jan kusan amper 0.4. A kwana ɗaya ya sha kusan 10Ah, a kwana uku ya sha rabin batiri mai 60Ah. Fitilun birki biyu masu wat 21 kowace suna jan amper 3.5, dare ɗaya ya ishe su. Don haka yawan kwanakin da mota ke yi kafin ta mutu yana gaya maka girman ɓarawon tun kafin ka auna.

Yanzu sai fizibil. Yawanci akwati biyu ne, ɗaya ƙarƙashin kapo, ɗaya ƙarƙashin tablo gefen direba. Ɗauki hotonsu da salula kafin ka fara. Zare ɗaya, dubi lamba, mayar da shi raminsa, zare na gaba. Ɗaya bayan ɗaya, kar ka tara su a hannu, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ka zare lamba ta faɗi, layinsa ne. Karanta murfin akwatin ka ga abin da ke kan layin, ka mayar da fizibil, ka bi kayan kana cire fulogin kowane har lamba ta sake faɗuwa. A sabuwar mota mayar da fizibil kan tashi kwamfuta daga barci, sai ka ɗan jira ta koma.

Mai ƙwan fitila maimakon miltimetir, haɗin ɗaya ne, tsakanin kan batiri da kos. Ƙwan ya yi haske sosai, ana jan wuta da yawa. Ya yi ja-ja da ƙyar ko bai kama ba, babu laifi. A tsofaffin motoci wannan dabarar ta fi aiki, a masu kwamfuta tana ruɗarwa.

Akwai wani Alhaji mai fataucin albasar Galmi da ya kawo mini Corolla, batiri na biyu ke nan cikin wata huɗu, yana ta faɗa da mai shagon da ya sayar masa. Na auna, 0.45. Fizibil mai rubutun DOME na zare lamba ta faɗi, amma fitilar rufi a kashe take, ta ƙofofi ma haka. Na karɓi salular yarona na kunna bidiyo, na ajiye cikin kofur na rufe, na buɗe. Muka duba, ga fitilar kofur tar, murfi a rufe. Buhunan da ake dannawa ne suka lanƙwasa ƙarfen makunnin.

Alhaji ya dubi hoton ya dube ni. "Malam, wannan ɗan ƙwan ne ya ci mini batiri biyu?"

Na ce, "Shi ne, Alhaji. Na farkon ma in bai yi nisa ba a karɓo shi, a caja, zai yi."

Ya ce ai tuni ya bayar da shi ga masu sayen dalma.

Waɗanda na fi kamawa, bayan fitilar kofur da ta akwatin gaban fasinja: makunnin birki da robarsa ta gutsure fitilun baya suka kwana a kunne, rediyo ko amfuli mai ƙara sauti da aka ja wa wuta kai tsaye daga batiri, alam da na'urar bin sawun mota da aka ɗaura daga baya, cajar salula da aka bari a ramin sigari a motocin da raminsu ba ya mutuwa da kontak, da rele, wato makunnin da wuta ke kunnawa, da ya maƙale. Rele mai maƙalewa in ka taɓa shi da safe za ka ji shi da ɗumi. Duk inda ka ga waya an naɗe da salatif ba irin ta kamfani ba, fara da nan. Motocin da aka kawo ta Kwatano sun bi hannaye da yawa kafin su iso gare mu.

In ka zare fizibil duka lamba ba ta motsa ba, saura abin da ba ya bi ta ƙananan fizibil, yawanci alternater. Diyod ɗinsa, mai hana wuta komawa baya, in ya lalace, da rana yana caji, da dare wuta na komawa ta cikinsa. Raba miltimetir da batiri tukuna, kwance babbar wayar da ke bayan alternater, naɗe bakinta da tsumma kar ta taɓa ƙarfe, sannan ka sake haɗa miltimetir. Lamba ta faɗi, a sauke shi a sauya diyod.

7. Batiri cike, demarer shiru

Koma 20V. Ɗora waya ɗaya a kan dalmar batiri, ɗayar a kan kos ɗin da ke kanta, a murɗa kile. Ya kamata ka ga kusan sifili. In ya haura 0.2, wuta na maƙalewa a nan. Sai ka auna daga (−) na batiri zuwa jikin injin, a sake murɗawa. In ya kai 0.5 ko fiye, wayar mas ce ta ci tsatsa ko ta saki. Mara miltimetir ya ɗauki kabul na haɗi guda ɗaya ya haɗa (−) na batiri da ƙarfen injin. Ta tashi, mas ne. Motocin da aka taɓa sauke wa injin sun fi yin wannan, a mayar da komai a manta da wayar.

In duk wannan lafiya, gwada musanya relen demarer da wani irinsa a akwatin, kamar na oda. In har yanzu ƙas ɗaya kake ji, sa a riƙe kile a murɗe ka ɗan ƙwanƙwasa jikin demarer da ƙotar guduma. Ƙwanƙwasawa, ba duka ba, don na zamani maganaɗisu ne a ciki, yana fashewa. In ya juya, gawayinsa, ƴan guntayen da ke kai wuta cikinsa, shi ne ya cinye. Ka wuce garaji kai tsaye, kar ka kama hanyar Abalak da shi.

8. In ta mutu maka a hanya

Haɗi da wata mota: jan kabul a (+) na mataccen batiri, ɗaya bakin a (+) na mai rai. Baƙin kabul a (−) na mai rai, bakinsa na ƙarshe a ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batiri, don tartsatsin ƙarshe ya tashi can. Motocin kar su taɓa juna. Bar mai rai ta yi aiki minti biyar sannan ka murɗa. Cirewa kuma daga na ƙarshe ake farawa a koma baya. Ka tabbata duka biyun bolt 12 ne. Manyan motoci da wasu Land Cruiser na gazwal batiri biyu ne a jere masu ba da 24, in aka haɗa maka da su haka nan kayan wutarka sun tafi. Kuma ka dubi alamar (+) da (−) a jikin batirin da idonka, kar ka dogara da launin waya, don an sha sauya su.

Turi na mai ambiriyaj ne kawai: buɗe kontak, sa bites ta biyu, taka ambiriyaj, in ta ɗauki gudu ka saki, da ta kama ka sake takawa. Otomatik ba a tura ta. In batirin ya ƙare sarai har tablo ba ya kawowa, motar da famfonta na mai na wuta ne ba za ta tashi da turi ba, ko majiya ƙarfin tasha duka sun taru.

Wanda zai yi tafiya ya bar mota fiye da mako biyu, Umara ce ko fatauci, ya cika batirin, ya cire kos na (−), ya ajiye motar a inuwa. In tafiyar za ta kai wata biyu, a bar wa wani a gida saƙo ya kai batirin caji sau ɗaya a tsakani.